Ƙafar Juwaira

Ku ajiye abin da ke hannunku ku saurara da kyau, don idan na kai ƙarshe ku ne za ku yanke hukunci.

A wani gari kusa da Malumfashi an yi wata yarinya mai suna Juwaira. Tana ƙarama ta faɗo daga kan katanga, ƙafarta ta hagu ta karye dab da gwiwa. Maɗori ya ɗora, ƙashi ya haɗe, amma daga nan ƙafar ta rage girma. Ta dama tana tsawo, ta hagu tana biye a hankali. Kafin ta shekara tara, ratar ta kusa faɗin tafin hannu. Tafiyarta ta karkace, bayanta ya fara ciwo, yara kuma suna kwaikwayonta a hanyar makaranta.

Juwaira 'yar fari ce, don haka tun da aka yaye ta take ɗakin Gwaggo Tabawa, yayar mahaifinta, a cikin babban gidansu. Mahaifiyarta Rakiya, saboda alkunya, ba ta kiran sunanta, ba ta taɓa ta a gaban mutane. "Yarinyar nan" take cewa, ita kuma Juwaira tana ce mata Yaya.

Mahaifinta, Malam Shu'aibu, shi ya kai ta asibitin ƙashi a birni. Likita ya ce akwai magani, amma mai nauyi ne: za a yanke ƙashin ƙwaurin, a kewaye ƙafar da zobban ƙarfe masu ƙusoshin da ke riƙe ƙashi, kullum a riƙa juya noti kaɗan kaɗan. Ƙashin zai riƙa rabuwa, sabo yana tsirowa a tsakani, har ƙafar ta kamo 'yar'uwarta. Da labari ya iso gida, kakan yarinyar, Alhaji Barau, ya ce, "Shu'aibu, ƙashin da Allah ya riga ya haɗa za ka kai a karya da gangan? Ba da jikata ba." Shu'aibu bai taɓa musu da mahaifinsa ba. Ya durƙusa ya ce, "Baba, wannan karon ka yafe mini." Ya kai ta aka yi aikin. Tsohon ya daina amsa gaisuwarsa, 'yan'uwa suka ce boko ya ɓata shi. Kowace safiya yana zuwa ya gaida mahaifinsa, ya tashi ba amsa, ranar ganin likita kuma ya ɗauki 'yarsa a kafaɗa zuwa tasha. Ba don shi ba, da ba a ma fara ba.

Juya notin ya faɗa hannun Gwaggo Tabawa. Don kada ta manta, ta haɗa shi da lokutan salla: ta sallame, ta ɗauko sufana, ta juya yadda aka koya mata, sannan ta wanke bakin kowace ƙusa. Likita ya gargaɗe ta cewa idan aka tsaya, ƙashin zai haɗe a gajerensa, wahala ta tashi a banza. Da jijiyoyi suka fara ja, Juwaira ta riƙa kuka, har ta jefa sufanar cikin randa. "Gwaggo, ke ba kya so na." Gwaggo ta tsamo sufanar, ta goge da zaninta, ta ce, "To, ba na son ki. Miƙo ƙafar." Ana cikin haka 'yarta ta cikinta ta yi haihuwar fari a Funtua, aka aiko ta je wankan jego. Ba ta je ba, don babu wanda hannunsa ya saba da notin kamar nata. 'Yar ta yi fushin da har yau bai gama hucewa ba. Ba don Gwaggo ba, da ƙafar ba ta ƙaru ba.

Amma tausayi ya kusa ɓata aikin. Kowa a gidan ɗaukar Juwaira yake yi, a kwantar da ita, a tura mata matashi a ƙarƙashin gwiwa don ta ji sauƙi. Rakiya, da ke kallo daga bakin murhu, ita ta lura gwiwar ta lanƙwashe ta ƙi miƙewa. Ta tuna mai gashin ƙashi, ma'aikacin asibitin da ke motsa gaɓoɓin Juwaira, ya ce ƙafar da ta yi tsawo amma ta sandare a lanƙwashe ba ta da amfani. Gwaggo ta ce ita ba za ta iya haɗa wa yarinya azaba biyu ba. Sai wata hantsi, tsakar gida cike da surukai, Rakiya ta zo ta zare matashin, ta ce, "Juwaira, kalle ni. Miƙe ta." Wata ta ce, "Yau kuma 'yar fari ake kira da suna? Matan yanzu ba su da ta ido." Rakiya ba ta ɗaga kai ba. Kullum tana danna gwiwar a hankali, yarinya na kuka, mata na yi mata habaici, har gwiwar ta miƙe. Ba don ita ba, da an sami doguwar ƙafar da ba a takawa.

Bayan watanni, hoto ya nuna sabon ƙashi ya cika, aka cire ƙarfen. Ƙafafu biyu suka daidaita. Sai dai Juwaira ta ƙi takawa. Gani take da ta ɗora nauyinta ƙafar za ta karye. Likita ya ce takawar ce za ta ƙara wa ƙashin ƙarfi, idan ta ci gaba da zama zai yi rauni. Mai gashin ƙashi ya tsayar da ita tsakanin ƙarafunan dafawa, ya ce, "Taron nan yana rikita ta. Mutum ɗaya ya tsaya a gabanta ya miƙa mata hannu, saura su jira a waje."

Su ukun da suka rako ta asibiti suka miƙe tare. Juwaira ta dubi mahaifinta, ta dubi Gwaggo, ta dubi Rakiya, ta sunkuyar da kai.

To, a cikin uban da ya jure fushin mahaifinsa, da gwaggon da ta bar 'yarta a jego, da uwar da ta ajiye kunyarta a gaban surukai, wa ya kamata ya tsaya a gabanta?