Karen da Ya Ƙware a Zama

Ga ta nan, ga ta nanku, ku bar mutsu-mutsu!

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Zaki ne ya sa gasar biyayya tsakanin karnuka, wanda ya ci a ba shi cinyar sa. Ɗan Baƙi, karen da ke tsaron awakin Malam Tanko, ya ƙwallafa rai, sai ya tafi wajen Kura neman horo.

Kura ta ce, "Ƙanena, kwanta da tashi ko kwikwiyo ya iya. Babban karatu shi ne in ɗora maka ƙashi a hanci, ko sama za ta faɗo kada ka motsa."

Ta ɗora masa, ta shige garke ta sunkuci akuya.

Akuya ta ce, "Wayyo Ɗan Baƙi, za ta cinye ni!"

Ya amsa ta gefen baki, "Yi haƙuri, Iya, gwaji ne."

Haka aka yi ta yi har kwana bakwai. Ran gasa ya zo na ɗaya, ya dawo da cinya yana taƙama. Ya tarar da garke wayam, ga Malam Tanko da kulki.

Malam ya ce, "Zauna!"

Shi kuwa gwanin naku, ya zauna.

Ƙurunƙus kan ɓera, ku tashi ku ba ni wuri!