Wutsiyar Kurege da Rizgar Kan Dutse

Ga ta nan, ga ta nanku, masu saurare da masu gyangyaɗi.

Ta zo mu ji ta, Kaka, idonmu biyu.

To ku matso. Ke Lantana, janye ƙafarki daga toka.

Kurege ne dai, yana da 'yar gonarsa a gindin wani dogon dutse. Wurin ga ruwa, ga taki, ga ɗumi, amma babu zaman lafiya. A zamanin nan tsirrai suna magana, kuma na gindin dutsen ba su da zance sai faɗa. Gero ya ce wa ciyawa, "Matsa can, kin tare mini rana." Ciyawa ta ce, "Ranar ta gidanku ce?" A ƙarƙashin ƙasa kuwa saiwa na shaƙe saiwa. Cikin wannan Kurege ya tashi, shi ya sa bai yarda da kowa ba. Ko gaishe shi ka yi, sai ya koma gida ya leƙa rumbunsa. In ɗan tsiro ya fito kusa da shukarsa, kafin ya buɗe ganye ya tumɓuke shi.

Ran nan sai ga rizga guda ta gangaro daga saman dutse. Ya shinshina, ya juya ta, ya ce ƙila tarko ne. Ya dai gatsa. Wayyo daɗi! Nan take kwaɗayi ya kama shi, ya ce sai ya ga gonar da ta haifi wannan.

Ya hau, ya hau. A tsakiyar dutse ya ji tsirrai sun bar zagi, sai gaisuwa sama-sama. Ya hau, ya hau, iska ta fara kaɗa masa kunne. Da ya kai ƙololuwa sai ya tarar da gonar wata tsohuwar Rema, wannan 'yar dabbar kogon dutse da ba ta da wutsiya. Gona kuwa kamar ba ta taɓa ganin fartanya ba. Kowace rizga ta lafe a jikin dunƙulen ciyawa ko gindin ƙaya. Ya kasa kunne, sai ya ji ciyawa na cewa, "Matso kusa, 'yar'uwa." Rizga na cewa, "Na gode, maƙwabciya."

Kurege ya ce a ransa, "Matso kusa? Lallai da walakin, goro a miya."

Ya ce, "Gwaggo, ɓarayi sun cika miki gona, har suna yi wa rizgarki daɗin baki."

Rema ta dube shi sama da ƙasa, idonta ya tsaya a kan wutsiyarsa. Ta ce, "Ɗan nan, a nan ba ma nome gindin shuka. Ciyawar ce ke tare mata iska, ƙayar ce ke riƙe mata laima."

Kurege ya ce a ransa, duk wanda ya ce kada ka taɓa, akwai abin da ya ɓoye. A fili kuwa ya ce, "Raba gonar biyu, ki ba ni rabi in nome irin namu. In nawa ya fi naki, gona duka tawa."

"In bai fi ba fa?"

"Faɗi abin da kike so."

"Wutsiyarka. Sanyi na damuna, ba ni da mayafi."

Kurege ya shafa wutsiyarsa, ga ta buzu-buzu, ita ce adonsa, ita ce bargonsa. Amma ya tuna ɗanɗanon rizga, ya ce ya yarda. 'Yan'uwan Rema suka leƙo daga koguna, suka ce sun shaida.

Ya yi noman firi, ya yi maimai, ya tumɓuke ciyawa, ya sare ƙaya. Ɓangarensa ya yi tas kamar tsakar gida. Rizga suna kuka, "Ina maƙwabtanmu?" Ya ce, "Ku yi mini shiru, an haɗa baki da ku."

Sai iska ta zo. Ta kaɗa, ta kaɗa, ta kwashe ƙasar gindin shuka. Rana ta zo ta gasa abin da ya rage. Ƙanƙara ta zo ta tsattsaga ganye. Na Rema suna lafe cikin ciyawa, kore shar. Na Kurege suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce sammu aka yi masa. Ya tone gonar yana neman laya, bai samu ba. Ya ce Rema ta ba iska toshiya. Ya saci ciyawar ɓangarenta ya dasa a nasa, ta bushe ƙayau. Kullum Rema sai ta wuce tana wasa wuƙa a jikin dutse, tana cewa, "Sannu da aiki, ɗan nan. A kula mini da wutsiyar nan, kada ta yi ƙura."

Ido ya raina fata. Rizga guda ta rage, tana rawar ɗari. Kurege ya kwanta ya kewaye ta da jikinsa, ya lulluɓe ta da wutsiya. Rizga ta ce, "Na gode, maƙwabci." Ya ce, "Kar ki gode mini, ban yarda da ke ba." Haka ya zauna har kaka, shi ne ciyawa, shi ne ƙaya.

Ranar tono, Rema kwando-kwando, Kurege guda ɗaya tilo. Remaye suka tare duk wata hanya. Tsohuwa ta taho da wuƙa. Ni kaina, yara, na tausaya masa a nan.

Ya ce, "Gwaggo, wutsiya taki ce, ban musa ba. Amma ciyawar da na tumɓuke, me ta zama?"

"Ta bushe."

"To wutsiya ma haka. In kin yanke, sai ta ƙanƙance ta zube gashi. Bar ta a gindinta, ni in riƙa lulluɓa miki."

Rema ta ce, "Akwai wata a ƙasa."

"Babu komai, sai dai mayafi mai rai yana cin abinci."

Haka suka shiga kogo suka ci lokacin sanyi, ita a cikin wutsiya, shi a cikin rizga. Ta ce, "Matso kusa." Ya ce, "Na gode, Gwaggo." Kowa ido ɗaya a rufe, ɗaya a buɗe.

Da sanyi ya wuce, Rema ta ce za ta kai sauran rizga kasuwa, mayafinta ya ɗauko mata kwando. Suka gangara, suka gangara. A tsakiyar dutse hira ta ragu. Suka gangara, suka gangara, ɗumi ya bugo su, suka fara jin gero da ciyawa suna zage-zage. Kurege ya gyara gammo, ya ce, "Gwaggo, nan ƙasa ne, kowa tasa ta fisshe shi." Ya arce da kwando, da wutsiya, da komai.

Rema ta tsaya tana ihu, "Mayafina! A tare mini mayafina!"

Shi ya sa har yau rema ba ta da wutsiya. Shi ya sa kuma in kurege ya yi ɗan gudu sai ya miƙe kan ƙafa biyu ya waiwaya, don ya san abin da yake ja a bayansa kayan mutane ne.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, na kurege ya sha da ƙyar. In maƙwabcinka ya ce maka matso kusa, ka matsa, amma ka fara tambaya ko sanyi yake ji. Ke Lantana, da kike ta jingina da ni tun ɗazu, na gane ki.