Lamunin Damina Biyu

An yi wani sarki a Birnin Tsamiya, mai tsananin kishin adalci, wanda ya kafa doka cewa duk maginin da ya gina gida don sayarwa, wajibi ne ya lamunce wa mai saye damina biyu a gaban shaidu. In soro ya tsage ko azara ta karye kafin su cika, gyara na wuyansa.

A birnin akwai wani magini, Barau, gwani ne ba musu, sai dai son sauƙi ya yi masa yawa. Ya sayar wa Mati masaƙi gida, aka yi shaida. Sai Allah ya jarrabi ƙasar da fari shekara biyu a jere, ko yayyafin kirki ba a samu ba. A ta uku, ruwan farko na sauka rufin ya rufta, saura ƙiris ya danne tsohuwar mahaifiyar Mati.

Aka gurfana a fada. Mati ya ce, "Allah ya ba ka nasara, gyatumata da 'ya'yana suna gindin bango, ba mu da inda za mu fake."

Barau ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ina tausaya masa, amma wa'adi ya cika tun bara. Watannin damina sun zo sun wuce sau biyu, shaidu kuma suna raye."

A zahiri hujjarsa ba ta da ƙofa. Sarki ya dubi gabas, ya ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ya juya ga wazirinsa Ƙasimu. "Dokar tawa ce, ba zan karya ta ba, ba kuma zan yarda ta zama makamin zalunci ba. Ina son hukunci kafin ruwan nan ya zubo."

Waziri ya sunkuyar da kai, iska na kaɗa rawaninsa. Can ya ce, "Barau, a sha'anin gini kai ne malaminmu. Da me ake gane nagartar soro?"

Yabo ya ratsa Barau, ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, ruwa ne kaɗai alƙalinsa."

"Madalla. Indararon gidan nan, sau nawa ya zubar da ruwa kafin bana?"

Barau ya ce, "Ko sau ɗaya."

"Bara da muka fita roƙon ruwa, na gan ka a sahun gaba, kana hawaye kana cewa Allah ya ba mu damina. Ashe kana da ita har biyu kake roƙo?"

Gumi ya keto wa Barau.

Waziri ya ce, "Allah ya taimaki sarki, damina Barau ya lamunta, ba watanni ba, ta farko kuwa yanzu ta kama. Ya sake rufin da azara mai ƙwari, kafin ya gama iyalin Mati su zauna a gidansa."

Bai rufe baki ba aka kece da ruwa. Mati ya fashe da kukan farin ciki, ya ruga ya ɗauko tsohuwarsa.

Sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa waziri, ya ce, "Ku rubuta wannan a ƙarƙashin dokar: adalci yana auna alkawari da abin da aka yi shi dominsa, ba da kwanakin da suka shuɗe ba."