Azarar da ke Bakin Rijiya

An ce wani sarki yana da tsohuwar rijiya a bayan fadarsa, wadda ko dutse aka jefa ba a jin saukarsa. Sai ya sa aka gitta azara guda a bakinta, ya mai da ita alƙalinsa. Duk wanda ake tuhuma sai ya taka ta, ana yi masa tambaya yana tafiya, in ya kai tsakiya dogari ya ɗan girgiza ta. Wanda ya tsallake mai gaskiya ne, wanda ya faɗa kuwa ƙaryarsa ce ta ja shi. Wai ita ke nan shari'a.

Ran nan aka kama Mudi, ɗan wani masani mai suna Malam Tanimu, wai ya ƙona rumbun sarki. Hankalin malam ya tashi ƙwarai, ya je ya faɗi gaban sarki.

"Ya sarki, kada ɗana ya hau azarar nan, don bai iya ƙarya ba."

"In haka ne, me kake tsoro?"

"Gaskiyar tasa nake tsoro, ranka ya daɗe. Taka ta da kanka sau biyu, ka gani."

Sarki lafiyayye ne, ga ji da kai. Ya hau da rana tsaka, aka girgiza, ya yi tangaɗi, ya miƙe, ya tsallake yana dariya. Da ya juyo ya kai tsakiya, sai malam ya ce, "Ya sarki, matar nan mai tallan nono da ta faɗa rijiyar nan bara, me take ce maka lokacin?"

Sarki ya shiga tunani. Dogari ya girgiza. Kafin ya ankara ƙafa ta zame, sai ga shi rungume da azara, ƙafafunsa na lilo. Wani sanyi ya taso ya kama masa idon sawu. Malam na tsaye a bakin rijiya, shi ma ya ji abin da sarki ya ji: muryoyin waɗanda suka faɗa, can ƙasa, a hankali, kowacce tana ƙarasa amsar da ta fara.

Da aka jawo sarki, malam ya ce, "Ƙafarka lafiyarta ƙalau. Hankalinka ne ya tafi neman amsa, ƙafa ta kira shi, ya makara. Maƙaryaci tun daga gida ya haddace tasa, hankalinsa duka yana kan ƙafarsa. Mai gaskiya kuwa sai ya tsaya ya tuna."

Sarki ya ce, "To, waɗanda suka tsallake fa?"

"Suna fadarka, ranka ya daɗe. Da su kake shawara."

Nan take sarki ya sa aka kwance Mudi, aka shimfiɗa masa tabarma, aka saurare shi a zaune har gaskiyarsa ta fito. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Shari'ar da ta fi wa maƙaryaci sauƙi, kisa ce, ba adalci ba."