Ranar da Aka Miƙa wa Nomau Taɓarya

A can zamanin da, tun ana rufe ƙofofin gari da faɗuwar rana, an yi wani sarki mai suna Dambo. Ran da aka naɗa shi ya sa aka yi shela cewa a ƙasarsa duk wanda ya kashe rai a kashe shi, ko ɗan wane ne, sai fa mahaukaci, don shi bai san abin da hannunsa ke yi ba. Jama'a suka sa wa doka albarka. Ashe ta wannan 'yar kafa da ya bari za a zo a nemi fitar da raƙumi.

Wazirinsa, Mijinyawa, yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ana ce masa Nomau. Kai, in dai lalataccen mutum ake nema, in an zo kan Nomau a tsaya! Ba noma, ba fatauci, sai zaman mashaya, yana ɗirkar giyar da aka haɗa da zaƙami, tsiron nan da ake kira haukata-yaro. Matarsa Hakama ita ke kaɗi da saƙa tana ciyar da gida, tukuicinta kuwa duka. Wata rana da la'asar ya dawo a buge, ya tarar tana daka, ya ce ina tuwo, ta ce ga shi nan tafe. Ya fizge taɓarya ya sauke mata a ka. Kafin maƙwabta su haura katanga, rai ya yi halinsa.

Da aka yi zaman fada, sai ga uwar Hakama, tsohuwa Ladingo, ta kutsa tsakanin dogarai, ta jefar da taɓaryar gaban Sarki. Ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Na kai 'yata gidan nan da ƙafarta, an fitar da ita a makara. Kada a yi mini zancen diyya, kada a ba ni haƙuri. Ran Nomau nake so."

Waziri ya gyara zama, ya sassauta murya. "Ranka ya daɗe, wannan mutuwa ta taɓa mu duka. Amma dokarka ce ta ce ba a kashe mahaukaci. Wanda zaƙami ya hau bai san uwarsa ba, bai san wuta ba, bai san sarki ba. Hannun na Nomau ne, amma Nomau ba ya cikin jikinsa a lokacin."

Ladingo ta juyo kansa. "Tir da wannan baki, Waziri! Sau nawa yarinyar nan ta zo zaurenka da ido a kumbure, ka ce ta koma, aure haƙuri ne? To ga haƙurin nan a kabari. Allah ya isa tsakanina da gidanku!"

Dogarai suka zaburo, Sarki ya ɗaga hannu ya ce a ƙyale ta. Aka tambayi malamai, su ma kansu ya rabu. Wasu suka ce wanda ya tafi da ƙafarsa ya sayo hauka shi ya jawo wa kansa, wasu suka ce hauka hauka ne ko ta ina ya shigo, ba su kuwa faɗi haka ba sai da suka saci kallon Waziri.

Sarki ya ce a tsare Nomau a gidan wansa har ya yi tunani. Da fada ta watse ya kira Sarkin Dogarai ya ce, "Kada ku ba shi giya da hannunku, kada kuma ku hana kowa shiga. Ran da abokan shansa suka kai masa abin, a zo mini da shi a yadda yake."

Hali zanen dutse. Ko sadakar bakwai ba a yi ba aka ji ihu a gidan Waziri da rana tsaka: Nomau ya sha ya yi tatil, ya fasa tukwane, ya shaƙe wata tsohuwar baiwa. Aka tara fada, aka taso shi gaba, yana tangaɗi, idanu jajur, bakinsa na dalala. Waziri har ya fara murna a ransa, ga hauka kowa na gani.

Amma da suka iso ƙofar fada, sai Nomau ya tsaya ya tuɓe takalmansa, ya jera su gefe. Sarki ya sa aka miƙa masa taɓaryar nan, ya riƙe. Sai wani ƙaton dogari, Barmo, wanda aka riga aka shirya da shi, ya take masa ƙafa, ya kaɓe masa hula, ya ce, "Matsa can, ɗan banza, kashe-mata!"

Nomau ya dubi Barmo tun daga ƙasa har sama, ya jingine taɓarya da bango a hankali, ya ce, "Yi haƙuri, yallaɓai, ban gan ka ba." Ya rarrafa gaban Sarki, ya zube, ya ce, "Zaki, Allah ya ba ka nasara."

Sarki ya ce, "Waziri, ka ce bai san sarki ba. Ga shi ya san sarki, ya san dogari, ya san inda ake ajiye takalmi. Shekara da shekaru yana ratsa kasuwa a buge, bai taɓa marin mahauci mai wuƙa ba, sai ya shiga ɗakin matarsa haukan ke tashi. Wannan mugunta ce mai zaɓen wanda ta fi ƙarfi. Gobe a kai shi bakin kasuwa." Ya ƙara da cewa, "Kai kuma, ban ga laifinka don ka so ɗan'uwanka ya rayu ba. Laifinka, mai kuka ta zo ƙofarka ka kore ta. A warware masa rawani."

Aka warware, aka kuma ba da umarni a tuge zaƙami duk inda yake a cikin ganuwa, a rushe mashayar.

Washegari aka fito da Nomau, maye ya sake shi. Da ya ga hauni, mai sare kan masu laifi, ya zare takobi, sai ya fashe da kuka. "Don Allah a ba ni ko kurɓi ɗaya, kada in san lokacin da za ta sauka!"

Hauni ya dubi Ladingo, don mai jini ita ke da magana a wannan wuri. Tsohuwa ta matso har tana jin numfashinsa.

Ta ce, "Hakama da hankalinta ta ga hannunka ya ɗaga. Kai ma buɗe idonka."

Ba a ba shi ba. Hauni ya cika aikinsa.