Mushe Ilyasu da Ruwan Jiratawa

Akwai wani malamin lakwal, wato makarantar boko, a unguwar Zariya ta Maraɗi, ana ce masa Mushe Ilyasu, wato Malam Ilyasu da Faransanci. Tun da aka buɗe jam'iyyu, ya naɗa kansa alƙalin gari. Duk wanda bai bi jam'iyyarsa ba, ko jahili ne ko an saye shi da sabulu.

Wanda ya fi shan bakinsa shi ne Gado, yayan matarsa Ramatu, manomin albasa a Jiratawa. Gado ya zaɓi wancan ɓangaren. Ilyasu bai taɓa tambayarsa dalili ba.

"Mutumin da ke dangwala yatsa, mi ya sani game da demokaraɗiyya?" in ji shi, yana karkaɗa jarida.

Bayan zaɓe, Hamidu, ɗan jam'iyyar su Ilyasu, ya zama shugaban ƙungiyar manoman Jiratawa. Ya ce a ganinsa wanda bai zaɓe su ba bai cancanci ruwan kanal, magudanar ban-ruwan gonaki, ba. Sati biyu ana tsallake gonar Gado. Albasa ta fara kwantawa.

Gado ya zo Zariya da ƙafarsa.

"Mushe, rubuta mini takarda da Faransanci in kai ma hukuma."

Ilyasu ya gyara tabarau. "Yaya Gado, yanzu zamanin 'yanci ne. Hamidu yana da ra'ayinsa. Wane ni in hukunta shi?"

Ramatu ta leƙo daga madafa. "Yau kuma ka daina alƙalanci?"

Gado ya sa takalmansa ya tafi.

Ranar taron manoma, Ilyasu ya hau babur har Jiratawa don ya kare ɗan jam'iyya. Ya yi dogon jawabi, rabi Faransanci, kan mutunta ra'ayin kowa.

Sai wani tsoho, Baba Idirisa, ya miƙe. Katin jam'iyyar su Ilyasu na cikin aljihunsa.

"Mushe, ni tare da ku na zaɓa. Na yi gardama da Gado har muryata ta dushe, kuma gobe zan ƙara. Amma ƙuri'arsa ba ta busar da gonar kowa ba. Ra'ayin Hamidu ne ya busar. Mu uku muka rage ruwanmu muka ba Gado. Kai mi ka ba shi?"



Nan take aka ɗaga hannu, aka sauke Hamidu. Aka buɗe wa Gado ruwa, amma rabin albasar ta riga ta ƙone. Mutane suka bi bayan ruwan zuwa gona, suka bar Ilyasu tsaye, yana jawabi ga tabarmi.

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukunci don bai zaɓi abin da ka zaɓa ba, ka fara jin dalilinsa. Amma ra'ayin da ya hana wani haƙƙinsa, kira shi zalunci ko da daga naka ya fito. Tura wa alƙalan majalisarku su karanta.