Ƙusar da Mati Ya Lanƙwasa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can bayan duwatsu, tun zamanin da kwalta ba ta kai ko'ina ba. Sunansa Mati, bakanike ne. Garejinsa gindin darbejiya, kayan aikinsa ba su cika buhu ba. Ga shi da tsoro, jama'a. In babba ya daka masa tsawa, sai sifana ta suɓuce daga hannunsa. Ku riƙe wannan, don kada wani ya ce ai labarin jarumi ne.

Mota ɗaya ce tak a garin, ta Alhaji Bawale, tsohuwar motar daji, irin dogayen nan masu ja da tayoyi huɗu. Ita ke kai mutane kasuwa, ita ke kai mara lafiya asibiti. Shi kuwa Alhaji Bawale, in ya yi gyaran murya a ƙofar gida, awaki ma sai su nutsu. Ba a taɓa jin ya yafe wa wani ba.

To, sai motar nan ta tsiri wani abu. In direbanta, Sallau, ya gangaro daga tudu zai shiga gari, da ya iso daidai gidan farko, sai sitiyari ya kama rawa a hannunsa. Ba 'yar karkarwa ba fa. Gaban motar gaba ɗaya ke jijjiga, tayoyi na kaɗawa hagu da dama, mata a baya na salati. Sai ya taka birki ta kusa tsayawa sannan ta lafa. Gobe ya dawo, haka. Jibi, haka. Rannan saura ƙiris ta kife cikin kwazazzabo da mutane maƙil.

Gidan nan kuwa na wata tsohuwa ne, Tabawa mai daddawa, ba ɗa ba jika. Kullum tana zaune bakin ƙofa tana kallon hanya. Me tsohuwa za ta yi in ba kallo ba? Amma kun san bakin mutane. Wani ya ce, “Ni fa na ga yadda take ƙura wa motar ido.” Wata ta ce, “Ai dama tun da mijinta ya mutu nake zarginta.” Kafin ka ce kwabo an yanke hukunci: Tabawa mayya ce, kurwar fasinja take nema. Aka ɗaura laya a sitiyari, aka yi turare, rawa ba ta daina ba. Alhaji ya rantse ranar Juma'a, da an sauko daga masallaci, za a fitar da ita daga garin a cinna wa ɗakinta wuta.

Da safiyar Juma'ar sai ga Sallau ya lallaɓo da motar gindin darbejiya. Ya ce, “Malam Mati, su dai magana suke yi, ni ne hannuna ke kan sitiyarin nan. Duba mini gabanta, ko na samu barci.”

Mati ya yi bisimilla. Ya shafa tayoyin gaba ko akwai kumburi, babu. Ya leƙa ko laka ta bushe a ciki ta yi wa gefe ɗaya nauyi, babu. Ya gwada notocin taya, a ɗaure suke tam. Ya sa jak ya ɗaga ta, ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, shiru, boris ɗin da taya ke juyawa a kai lafiya lau. Sai ya kama ta hagu da dama. Ƙwas, ƙwas! Ya ce, “Sallau, hau ka riƙa juya sitiyari kaɗan-kaɗan.” Shi kuma ya shige ƙarƙashi, ya ɗora hannu kan sandar ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, yana bin ta har ƙarshe.

Ku saurara, nan ne wurin. A ƙarshen sandar akwai noti, akwai kuma ɗan fin da ake zurawa don ya hana notin warwarewa. Notin ya warware, kan sandar na wasa a mazauninsa. Fin kuwa babu. Abin da ke cikin ramin fin ɗin guntun ƙusa ne, tsatsa ta cinye shi ya karye.

Mati ya san ƙusar. Shi ya sa ta. Da rani ya yi aiki a wurin, bai samu fin ba, ya lanƙwasa ƙusa ya ce, “Ta riƙe kafin ranar kasuwa.” Ranar kasuwa ta zo ta wuce, ya manta. Nan take komai ya fito masa fili. Ruwan damina ya yanka hanya daidai ƙofar Tabawa, mota ta gangaro da gudu, taya ta daki ramin, sanda mai wasa ta kama kaɗawa. Maitar ke nan gaba ɗayanta.

Yana kwance cikin ƙasa, zufa na shiga masa ido, sai Shaiɗan ya zo ya kwanta kusa da shi. Ya ce, “Ga sifana nan. Ɗaure notin, ka yi shiru. Sallau na sama, bai ga komai ba.” Wallahi hannun Mati har ya kai kan sifanar. Amma ya duba abin da zai biyo baya: yau a kori tsohuwa, gobe mota ta wuce sumul, kowa ya ce, “Kun gani? Da aka kore ta ai rawa ta daina!” Gyaransa ne zai zama shaida a kanta har abada.

Shaiɗan ya ce, “To, ka ce noti ne ya kwance da kansa.” Mati ya san mutanen garinsa. Za su ce ita ta kwance shi da ido. Abin da zai wanke Tabawa ɗaya ne, laifin ya samu mai shi, mai shi kuma ya buɗe baki. Ya tuna Alhaji Bawale, ya tuna mutanen da suka kusa mutuwa a kwazazzabo, kowanne da danginsa, ya tuna iyalinsa da ke ci daga motar nan. Tsoro ya kama shi.

Ya fito ya ce, “Sallau, kada ka motsa motar nan. Bar ta yadda take.” Ya zaro guntun ƙusar ya damƙe a hannunsa.

Aka sauko daga masallaci, gari ya ɗunguma gidan Tabawa. Wasu da sanduna, wani da galan ɗin kananzir. Tsohuwa na tsaye da ɗan ƙunshin tsummokaranta, tana cewa, “'Ya'yan nan, me na yi muku? Ina za ni?”

Sai ga Mati yana kutsawa. Ya durƙusa gaban Alhaji, ya ce, “Ranka ya daɗe, ina da magana.”

Alhaji ya ce, “Kai kuma wa ya kira ka?”

Mati ya buɗe tafin hannunsa. Ya ce, “Ga mayen da kuke nema. Ƙusa ce, ni na sa ta a motarka inda ya kamata in sa fin. Ni na kusa kashe mutane, Iya Tabawa ba ta san komai ba. Ban ɗaure notin ba, na bar shi don ku zo ku taɓa da hannunku.”

Alhaji ya juya ya nufi darbejiya, jama'a na biye. Da babbar rigarsa ta Juma'a ya tsuguna ya zura hannu, Sallau ya juya sitiyari, ƙarfe ya yi ƙwas a tafinsa. Ya miƙe ya kwaɗa wa Mati mari, sai da ya faɗi. Wasu suka rufe shi da duka, da ƙyar liman ya ƙwace shi. Mai kananzir kuwa ya sulale, ba wanda ya ga tafiyarsa.

Kuna jira in ce Alhaji ya huce ya yi masa kyauta, ko? Bai yi ba. Bai ƙara barin Mati ya taɓa motarsa ba, aka riƙa ɗauko bakanike daga wani gari. Mati ya koma facin tayar keke, yara na kiransa Mati Ƙusa har furfura ta rufe shi. Ladansa yana wurin Wanda ba Ya mantuwa. Amma Tabawa ta kwance ƙunshinta a ranar, ta kwana a ɗakinta, kuma a cikinsa ta cika bayan shekaru, mutanen da suka zo ƙona ta su suka ɗauki makararta.

To jama'a, gaskiyar da Allah ke nema a wurinmu ita ce wadda ake faɗa ko da ana jin tsoro. Allah Ya hana mu ɓoye shaida, ko da a kanmu take. Gyara ɓarna a ɓoye bai isa ba, matuƙar wani na ɗauke da laifinka a kansa. Kai mai shago, kaya sun ɓace ta sakacinka, ka bari ana zargin wani. Ke uwar gida, ke kika yi ɓarin, kika ji ana zagin maƙwabciya kika ja bakinki. Kowa a nan ya san nasa. In akwai wanda ake tuhuma yau a kan abin da hannunka ya yi, kada ka jira wata Juma'a. Tashi daga nan ka je ka ce, “Ni ne.” Gara ka faɗe ta yau da bakinka, da ranar da za a rufe bakin, hannun ya faɗa. Allah Ya ba mu ikon faɗa.